Gardamar Bayan Madafa

A gidanmu na Gyallesu, bayan madafa,
akwai fili, taku bakwai da ƙafar tsoho.
Mu uku muka raba shi, kowa da taurin kansa.

Baba Tanimu ya ce kunya.
A bakin Galma ya yi wayo,
fartanya ta san tafinsa yadda akuya ta san turkenta.
Ya ja layi huɗu, ya zuba takin awaki da ya kwana rani,
ya ce, "Manomin da ba shi da kunya,
to ba shi da kunya."
Ruwan Agusta ya zo, ya bi kwari ya wuce,
kuɓewarsa ta miƙe har tana leƙen gidan maƙwabta,
muka ci ɗanya, muka yanka, muka shanya a kan kwano.
Amma da rijiya ta ja da baya,
sai kunyar ta tsage kamar faso a diddige.
Guga goma, kafin ya miƙe ƙugu ta shanye,
ta sake buɗe baki.

Uwani, 'yata, ta dawo daga Samaru da littafi a jaka,
ta ce buhu.
Na shinkafa goma sha biyu ta roƙo a kasuwar Tudun Wada,
ta cusa baƙar ƙasa da kashin kaji da ɓuntu,
ta tsaga gefe da wuƙa, kowace kafa dashen latas,
a ka kuma tumatir.
Ta kifa gorar roba mai huda a murfi,
ruwa na sauka ɗis, ɗis,
kamar marowaci na biyan bashi.
Baba ya riƙe haɓa:
"Yau na ga gonar da ake ɗauka a kai!"
Ita ba ta tanka ba.
Bokiti ɗaya ke kai ta kwana biyu,
kuma a tsakiyar rani ita ke da ja a cikin kore.
Sai dai rana ba ta karanta littafin ba:
a wata na huɗu buhu uku suka ruɓe,
suka zazzage cikinsu a ƙasa, saiwa a waje.

Ni kuwa ba kunya ba buhu.
Gindin magudana na zaɓa,
inda ruwan alwala da na wankin gero ke bi.
Na watsa irin alayyafo kamar mai ba kaji tsaba,
na barbaɗa toka don tsutsa,
ranar da na tuna in jiƙa ganyen dalbejiya in yayyafa.
Sun ce wannan ba noma ba ne, lalaci ne.
Na yarda.
Ruwan sabulu ya taɓa ƙone mini yakuwa ƙurmus,
amma wa ke tsinko ganye kullum da la'asar
ba tare da ya taɓa igiyar guga ba?

Jiya da asuba na fito,
na tarar da Baba a tsugune bayan randa,
yana dura ƙasa a tsohon buhun masara.
Ya ɗago, ya yi tari.
"Na jikana ne," in ji shi.
Jikan bai yi haƙori ba.
Na wuce kamar ban gani ba.

Uwani dai har yanzu tana rubuta lissafi:
ruwa nawa, kwano nawa, kwana nawa.
Ta ce zuwa kaka za mu san mai gaskiya.
Ban gaya mata ba
tukunyar taushe ba ta taɓa tambayata
daga ina ganye ya fito.

Alƙalinmu ɗaya ne,
kazar Lantana mai wake-wake,
da ke tsallako katanga bayan azahar.
Ta tona kunya, ta tsattsagi buhu,
ta gangaro wajen alayyafona ta daɗe,
sannan ta goge baki a ƙasa
ta tafi ba ta yanke hukunci ba.